Tankin da Tamba ya kawo daga Gaya

Argungu,
14 ga Disamba, 1960.

Zuwa ga yayana Dikko, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan da sauƙi. Matata Zainabu ta sauka lafiya, an sami mace. An yi shagalin samun mulkin kai, amma gidanmu bai daɗe cikin murna ba.

Ka san yadda ciwon baya ya matsa wa Inna, ga jidar ruwa daga gulbi. Wannan ne ya sa ƙanenmu Tamba, da ya je Gaya ta ƙasar Nijar, ya sayo wani tankin ƙarfe da Faransawa suka bari. Ya ce a ɗora shi bisa soron ajiya, ruwa ya riƙa gangarowa ta bututu har madafa. A jikinsa akwai lambar 3 da wani rubutu nasu. Mu galan da garwa muka sani. Tamba ya ce mai sayarwa ya yi masa zancen lita, shi kuma ya fahimci ɗari uku ce, abin da bai kai garwa ashirin ba. Baba ya dubi girman abin, ya ce hankalinsa bai kwanta ba, amma ganin murnar Inna ya ƙyale.

Aka yi ta kai ruwa da jakuna, tanki bai cika ba. Tamba yana dariya yana cewa albarka ce. Ana cikin haka da hantsi azara ta yi ƙara, soro ya rufto. Baba yana bakin ƙofa, ƙasa ta danne masa ƙafa. Irin shinkafar da muka ware don baɗi duk ya cakuɗe da laka.

Daga baya Malam Abdussamadu, wanda ya yi karatu a Yamai, ya zo jaje ya karanta mana rubutun. Ya ce awon Faransawa ne: a ɗauki akwati mai mita guda a tsawo, guda a faɗi, guda a zurfi, cikinsa lita dubu ce. Uku ke nan lita dubu uku, sama da garwa ɗari da sittin, kuma kowace lita nauyinta kilo guda. Yaya, wannan muka ɗora wa ginin ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

An yi wa Baba ɗori, mai ɗori ya ce zai taka, sai dai da sanda. Abin da ya fi damuna shi ne tsakaninsa da Tamba. In Tamba ya shigo gaisuwa, Baba sai ya juya fuska bango. Tamba ya daina cin abinci tare da mu, jiya kuma na ji yana tambayar motar Ikko. Inna kuwa kuka take, tana cewa don ita aka yi. Na roƙi Baba, ya ce ni yaro ne. Na roƙi Tamba, ya ce da wane ido zai zauna. Na kawo Kawu Dankure daga Augie, ya yi magana har muryarsa ta dushe, ya koma.

Ban san abin da zan ƙara yi ba. Kai ne babba, kai kaɗai Baba ke saurara. In zuwa ba zai yiwu ba, ka rubuto masa, zan karanta masa da bakina. Ka hanzarta, don ban tabbata amsarka za ta tarar da Tamba a gida ba.

Ka gai da Yaya Kulsumi, da Asiya, da Ummaru ƙarami. Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya maka kada ka yi wa Tamba faɗa.

Ni ne ƙanenka,
Maiwada Ɗantsoho.