Ƙugiyar da Kawu Ya Gyara

Zuwa ga yar kanwata Mai Fensir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake anan garau, ba abinda ke damuna sai kiba da farin jini. Bayan gaisuwa, direba ya kawomin kunshinki da safe, riguna bakwai da kullin zare. Na baza su akan teburin yanka, makwabcina mai gyaran agogo ya leko yace, wadannan a kwata suka fada? Nace rufamin baki, yar kanwata ce tayi karatun zane, in ta bata yadi to da ilimi ta batashi.

Amma tsakanina dake, meye wannan? Yadi mai kyau kin maidashi kalar bango. Na shinshina, walahi kamshin ruwan farko yakeyi. Guda uku hannu daya yafi daya tsawo. Har na dauko almakashi zan daidaita sai na tuna halinki, na ajiye.

Kince inyi miki surfani da hannu a kirjin kowace, banda keke. To kinzo inda ya dace. Shekara talatin da hudu ina wannan aiki, allura in ta hangoni mikewa take ta gaisheni. Sai dai ki fadamin, baje kolin nan sawa akeyi ko ratayewa? Mai agogo yace ratayewa ake, mutane suzo su tsaya su rike haba. In hakane ai shagona kullum baje koli ne, amma ba wanda ya taba rike min haba.

Ki rubuto ki ba direba. Wayata tunda ta fada bokiti ta daina kulani.

Naki har kullum,
Kawunki, Uban Allura

*

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ya aiki, ya mutanen gida? Don Allah ka ɓoye almakashin nan, hannayen haka nake son su.

Ƙamshin da ka ji na ƙasar bayan gidanmu ne, inda Mama ke shanya. Da za a sayar da gidan na ɗebo bokiti biyu, da ita na rina yadin, da ita na rina zaren. Ta ƙare kaf, don haka ka lallaɓa zaren, babu wani.

Ratayewa ake yi, mai agogo ya yi gaskiya. Matar da ke da zauren baje kolin mutum uku kawai za ta ɗauka cikin mu ashirin da wani abu. Ranar Alhamis ta sama za ta zo ɗakina ta duba. Shekara biyu ina nema ta zo, Kawu, kuma ba ta zuwa wa mutum sau biyu.

Kalma ɗaya ce za ka yi a ƙirjin kowace riga: ƘASA. Ga ta nan na zana a takarda da girmanta. Ka bi zanen yadda yake.

Sai wata tambaya da na daɗe ina son yi maka. Duk rigar da ka ɗinka min tun ina ƙarama, in na juya kalmasar ƙasa sai na ga ɗinki uku da jan zare a ciki. Har a tsofaffin kayan Mama na gani. Na mene ne?

A gaida uwargidanka, Inna.
'Yarka, Mai Fensir

*

Mai Fensir yar gidana,

Gaisuwa da jinjina. Ki share waje ki zauna kafin ki bude kunshin nan, kar ki fadi. Kwana biyar nayi a bakin kofa inda haske yafi, ko rediyo ban kunna ba. Mai agogo ya sa gilashin nan nasa na ido daya ya duba, yace bai ga inda zare ya shiga ba balle inda ya fita. Nace ai ba zaka gani ba, ni kaina wani lokacin sai na tambayi hannuna.

Kuma na miki gyara kyauta. A takardarki harafin farko fensirinki ya zame, ya fitar da wani dan kaho a sama kamar zare ya tsinke. Nace kai, yarinyar nan gajiya ta mata yawa. Na daidaita shi tsaf a duka bakwai din, ya mike kamar soja. Basai kinyi godiya ba, aikin kawu kenan.

Dan ragowar zaren na dasa wa mai agogo maballai dashi, tunda rigarsa ma kalar kasa ce, amma tasa ba rini bane.

Maganar jan zare kuma, ke dai akwai bin diddigi. Sirrin sana'a ne.

Kawunki, wanda ba'a yi biyunsa ba

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na zauna kamar yadda ka ce, kuma gara da na zauna.

Aikin ya yi kyau, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo. Kawu, ƙahon nan ba zamewar fensir ba ce. Ƙugiya ce, ita ce ke raba ƙasa da kasa. Ka faɗe su da bakinka ka ji. Ƙasa, wadda muke takawa. Kasa, kamar a ce yarinya ta yi ta yi ta kasa. Yanzu riguna bakwai ne a ɗakina, kowace da KASA a ƙirji da manyan baƙaƙe. Maƙwabciyata ta shigo ta karanta, ta ce, “Ayya, tun ba a fara ba?”

Na gwada warware harafin a guda ɗaya, yadin ya fara hujewa, na bari. Yau Litinin, matar tana zuwa gata, Alhamis. Ga su nan na dawo maka da su. Ban san me za ka yi ba tunda zaren ya tafi maɓalli. In babu dabara ka faɗa min da wuri, in aika mata kada ta wahalar da kanta.

Ban yi fushi ba. To, na yi kaɗan.

Mai Fensir

*

Yata,

Gaisuwa. Yau ba kirari.

Na karanta takardarki sau uku, na kai wa mai agogo ya karanta min na hudu. Ya sa ni na tsaya ina cewa kasa, kasa, har mai shagon gaba ta leko ko lafiya. Ashe shekara hamsin da tara bakina yasan abin, hannuna ne ba'a fadawa ba. Ashe har da ta ɗ da ta ɓ! Wa ya zauna ya kirkiro su? Ina son in ga mutumin nan, tela ne ko makeri?

Na zaga shagon zare hudu da riga a hannu, babu kalar. Na cire maballan mai agogo yana ihu, zaren bai kai tsawon yatsa ba.

To ga amsar tambayarki. Aji uku nayi na bar makaranta. Ranar da na bude shago na rubuta sunana a allo, yan layi suka kwana biyu suna dariya, wai harafi biyu sun bata. Mamanki ce ta goge allon da tsumma, tana yar shekara goma sha biyu, ta miko min jan zare tace, Yaya kai da wannan zaka dinga sa hannu, ba mai cewa ka yi kuskure. Tun ranar duk abinda ya fita daga hannuna sai na sa masa uku a ciki inda ba mai gani. Har rigunanki bakwai, juya ki duba.

Da shi nayi kugiyar. Dinki uku uku, ja, akan kowane harafi. Nasan ba haka kika zana ba. In bai miki ba ki fadawa matar wani tsohon tela ne ya bata miki aiki, ki bata adireshina tazo ta zageni, akwai kujera. Amma ni dai da na rataye su a igiya na ja baya, sai na tsinci hannuna a habata.

Kin ga na fara koyo, mai agogo ya nuna min yadda ake lankwasa ta.

Naki,
Ƙawunƙi

*

Kawu,

Ta zo. Ta yi kusan minti goma a tsaye, hannu a haɓa. Sannan ta taɓa jan ta ce, wa ya yi wannan? Na juya mata kalmasa, na ba ta labari. Ta ɗauke ni. Ta ce a jikin bango za a rubuta sunan mutum biyu, kuma in tambaye ka yadda kake son a rubuta naka.

Ranar buɗewa sha biyu ga wata. Ka zo da Inna, ka zo da mai agogo in ka mayar masa da maɓallansa.

Kalmar “Kawunki” ba ta da ƙugiya, ko ɗaya, balle biyu. Amma kada ka gyara. Don Allah, Kawu, kada ka ƙara gyara komai.

'Yarka