Bututun da Ke Ƙarƙashin Gadona

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ni ne Abdulƙadir ɗan Tanimun, mai walda na bakin hanyar Tawa a Birnin Konni. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina cikakke, ba wanda ya tilasta ni. Ƙirjina ne ya gaji. Likita ya ce hayaƙin ƙarfe na shekara arba'in ya cinye huhun, ni kuma na san ƙarfen da ba ya karɓar gyara idan na gan shi. Zuwa gare ku Junaidu, Nafi'u da Raihanatu, da uwarku Balki. A karanta shi kuna zaune tare, tun ina da rai in an samu hali.

Na ɗaya. Gida, gonar Tajaye da dabbobi, liman zai raba su yadda Allah ya ce. Ban sa baki ba. Ba mai bi na ko dala, kowa ya sani a kasuwa. Uwarku ta zauna ɗakinta, kada wanda ya zo mata da maganar sayar da gida tana da rai.

Na biyu. Ku san inda abin ya fito. Na bar Tajaye da riga ɗaya bayan aji uku na kolej. Na yi shekara shida a Malbaza ƙarƙashin manyan motocin siminti, ina riƙe ma wani ƙarfe shi yana walda, kafin ya yarda in taɓa sandar walda. Ba wanda ya ba ni garajin nan. Na faɗi haka sau dubu a fada, majalisar hirarmu, har mutane sunka gaji da ji, kuma gaskiya ne. Amma girman kan da ya gina garajin shi ne ya ɓata mini abin da zan faɗa a na huɗu.

Na uku, naka ne Nafi'u, da ka gama karatun lakwal kana yawo da dosiye na takardun neman aiki. Kada ka ba kowa takardunka na asali, hotonsu kake bayarwa. Kada ka canja lambar waya kamar riga, an taɓa neman wani yarona sati guda ba a same shi ba, aikin ya tafi ga wani. Ka je da safe kafin shugaban aiki ya gaji da fuskokin mutane, kuma shi za ka nema, mai gadi ba ya ɗaukar ma'aikata. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya shigar da sunanka, gaishe shi ka wuce. In sun ce ba gurbi, ka roƙi su gwada ka kwana uku, hannu ya fi takarda iya magana. In an tambaye ka abin da ba ka iya ba, ce ban iya ba amma ina koyo da sauri. Wanda ya ce ya iya komai, ni kaina ban taɓa ɗaukarsa ba. Babba a cikinsu duka: kada ka nemi aiki da aikin hannun wani. Ubanka ya yi, ga abin da ya biyo.

Na huɗu. Junaidu ya san wannan, Raihanatu ta sani, Balki ta yi zato ta yi shiru. Yau kowa zai ji.

Duk Juma'a in mun tafi masallaci ni da ma'aikata, Raihanatu nake bar ma tsaron garaji, tunda Juma'a ba ta wajaba a kanta ba. Tun tana shekara goma sha huɗu. Ni ina ganin zama take yi tana korar awaki. Ashe da mun juya baya sai ta ɗauki gilashin fuska ta tada injin, tana haɗa guntayen ƙarfen da munka zubar. Shekara biyar tana haka. Na sha ganin sandunan walda suna raguwa, har na kori wani ma'aikaci a kan zargin sata. Allah ya yafe mini wannan ma.

Shekarar da wani ɗan kwangila ya zo kafa tankunan ruwa a ƙauyukan Illela, ya ce yana neman mai walda, kowa ya kawo bututu biyu da ya haɗa a gani. Junaidu ya yi sati yana gwadawa, walda tana fita kamar kashin kaza. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na iske bututu a kan teburina, an haɗa shi, layin ya kwanta sumul daidai wa daida kamar kitson amarya. Na juya shi, na buga da guduma, na cika shi da ruwa, ko ɗigo. Ni da kaina a ranar da na fi ƙwarewa ban fi haka ba. Raihanatu na tsaye a bakin ƙofa tana ɓoye ƙunar da ke bayan hannunta cikin mayafi, tana jiran abin da zan ce.

Abin da na ce mata shi ne, wutar mace ta murhu ce.

Na ɗauki bututun na sa a hannun Junaidu, na ce ya kai. Bai so ba, ni na matsa masa. An ɗauki Junaidu aiki a ranar. Sati uku bayan haka matakalar tankin da ya yi ta ɓalle da wani lebura mai suna Bala, ya faɗo ya karya ƙugu. Anka kori Junaidu. Ɗan kwangilar ya aiko mini da bututun, da saƙo cewa wanda ya haɗa wannan ba shi ya yi matakala ba, in turo masa mai wannan hannun ko wane ne, zai ɗauka.

Kun ji ko? Ƙofa ta sake buɗewa, ni na rufe ta da ƙafata. Na aika masa cewa yaron ya tafi Najeriya. Ba addini ya hana ni ba, kada wani ya laɓe a nan, ban tambayi ko malami ɗaya ba. Tsoron bakin 'yan fada ne. Na ji a kunnena suna cewa garajin Abdulƙadir ya koma na mata, ɗansa ya kasa sai ɗiya. Mutanen nan da na ji tsoro, rabinsu sun mutu, sauran ko gaishe ni ba su zo ba tunda na kwanta.

Raihanatu ba ta sake taka garajin ba. Ta yi aure a Tajaye, tana zuwa da salla, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa tada maganar ba. Da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi. Labari na zo mini cewa duk injin niƙan da ya lalace a ƙauyukan can, bayan gidanta ake kai shi, tana gyarawa da aron kayan aiki. Mijinta Hafiz ne ke ɗauko mata su a kan babur. Yaron nan ya fi ni zuciya.

Na biyar. Bala yana Illela, yana ɗingishi har yau, kuma bai san ni ne sanadi ba. A cikin sulusin da shari'a ta yarda in yi wasiyya da shi, a ba shi injin markaɗen da ke bayan garaji, wanda ake aiki da shi a zaune. Junaidu, kai za ka kai masa, ka faɗa masa gaskiya da sunana, ka roƙa mini gafara. Kai kuma ka sauke kayan nan daga kanka. Shekara tara kana kabu-kabu da babur kana sunkuyar da kai in ka wuce garaji, kana ganin ka ba ni kunya. Ba ka so walda ba tun farko, ni na cusa maka. Kana ciyar da iyalinka da halal, babu abin kunya a nan.

Na shida, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Na kira liman na ce ina so in ba Raihanatu garaji da kayansa duka. Ya ce Alhaji ka makara. Kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda bayan an binne mai ita. Shekara tara ina da lafiya, makulli na aljihuna, Tajaye tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Kullum sai in ce bayan damina.

To, abin ya fita hannuna ya koma naku. Junaidu, Nafi'u, Balki, ban saba roƙo ba, kun sani. Ina roƙonku. In kun ƙi, hakkinku ne, ba zan kai ku ƙara gaban Allah ba. Za a yi wa injinan kuɗi a sayar, wani ya sa shagon taya a wurin, kowa ya karɓi rabonsa. In kun yarda, a lissafa garajin cikin rabonta, abin da ya haura ku bar mata don Allah. Za a yi surutu a gari. A yi. Surutun Konni ba ya wuce kasuwa biyu, sai wanda ƙofar gidansa ta karye ya zo da kansa yana sallama.

Raihanatu, ɗiyata, ban san ko har yanzu kina so ba. In zaman Tajaye ya fi miki, ki kwashe injinan ki kai can, ki cire sunana daga allon ki sa naki. In wata yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tartsatsi, ki miƙa mata gilashi.

Ku riƙe junanku. Kada garajin da ya raba ni da ɗiyata ya raba ku da 'yar'uwarku. Ku riƙa haɗuwa a ɗakin uwarku kowace salla, ko da ba ku da abin kawowa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku halal, ya tsare ku daga jin tsoron bakin mutane. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.

Bututun yana ƙarƙashin gadona, cikin buhun siminti, tare da makullin garaji. Junaidu, daga hannunta na ɗauke shi na sa a naka. Ka mayar mata. Ka ce Baba ya buga shi da guduma, ya cika shi da ruwa, bai samu aibi ba. Abin da ya kamata in ce ranar ke nan.

Abdulƙadir Tanimun
Birnin Konni