Ginshiƙin da Igiya Ta Ci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Baba da mutanen gida. Na rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Jiya aka turo mini hotunan dandali, na zauna a ofis ina ta kallo kamar wadda aka miƙo wa jaririnta. Ka san tun ina makaranta nake zana wurin nan a bangon littafi, yau ga shi zanena magina suka bi suka gyara shi. Rumfunan da fatake suka gina kewaye da filin duk an kankare musu baƙin gobarar da Kaka yake ba mu labari. Ashe ginshiƙan yamma dutse ne sassaƙaƙƙe, na gabas kuwa bulo ne aka yaɓe bayan wutar. An ɗaure bakan ginin da ke saman ƙofar kudu, ba zai ƙara zubo wa kowa ƙasa a ka ba. Duk wani rami da tsaga a jikin ginshiƙai na sa an cike an shafe, sumul.

Don Allah ka kai Baba ya zaga. Tsohon kafinta ne, idonsa ba ya ƙyale karkace. In ya ce ya yi, to ya yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Bahaguwa,

Muna lafiya, kowa yana gaishe ki. Wai ni ne ba na barin mutum ya kai aya! Lallai gwano ba ya jin warin jikinsa.

Dandali kam ya yi kyau, ba na hassada. Ni da na tsufa ina sayar da magani a ƙarƙashin rumfar nan, da safe sai in tsaya ina neman shagona kamar baƙo. Agogon hasumiya ya koma bugawa daidai, kin raba jama'a da uzurin makara, suna nan suna yi miki addu'ar da ba zan rubuta ba.

Baba ya ce aiki ya yi, Allah ya yi miki albarka. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ce, "Kun ga dandali? 'Yata ce." Kwanan nan dai yana ɗan hutawa a gida.

Ki huta lafiya,
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Baba ne yake hutawa a gida? Mutumin da ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya sai ya tafi hira shagon amininsa mai gyaran agogo? Na kira shi ya ce lafiya lau, amma muryar ta wanda yake kwance ce da rana tsaka. Kai kuma na san ka, in kana ɓoye magana wasiƙarka gajarta take yi. Don girman Allah ka faɗa mini.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, ki samu wuri ki zauna. Baba ya hana ni faɗa miki, to yau zan saɓa masa, ya yi mini faɗan daga baya.

Idon Baba ya tafi tun bara. Ba raguwa ya yi ba, ya tafi. Zuwan da kika yi kin same shi a kujerarsa, da takunki ya gane ki. Ya ce kada a tayar miki da hankali kina tsakiyar babban aiki.

Duk da haka bai daina fita shi kaɗai ba. Yakan bi bangon lungunmu da hannu har rumfar yamma, ya riƙa shafa ginshiƙai yana tafiya. Kin tuna na kan kwana, kusa da tsohuwar rijiya, wanda igiyar masu jan ruwa ta ci har ta yi masa rami daidai ƙirjin mutum? Da yatsansa ya faɗa ramin nan sai ya juya dama, ga shagon amininsa. Ba sanda, ba ɗan jagora. Rabin mutanen dandali ba su ma san ba ya gani ba.

Lokacin da aka kewaye wurin da kwano ana aiki, ni nake riƙe masa hannu mu bi ta baya, yana ta ƙunƙuni kamar na sato shi. Ranar da aka cire kwanon ya sa rigarsa mai kyau, ya ture hannuna, ya ce zai je ya ga aikin 'yarsa. Ya yi ta shafawa, ko'ina sumul. Ya wuce kwanar, ya fita ta ƙofar kudu, sai kan titi. Allah ya sa direban motar da ta taho ya taka birki. Ya faɗi ya kurje gwiwa, hularsa ta gangara kwata. Ciwon ba komai ba ne. Wani ne ya ɗaga murya a cikin taro ya ce, "Wa ya bar makaho shi kaɗai?"

Tun ranar bai leƙa ƙofar gida ba. Na kawo sanda, ya ce in kai wa kakata. Abinci sai ya tsakura ya ture. Da na ce bari in gaya miki a buɗe ramin, cewa ya yi, "Ka bar wa yarinya aikinta. Ni na gama nawa yawon."

Wallahi tsoro nake ji, Auta. Ina kallonsa yana ƙarewa a ɗaki. Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba, mu muka ɓoye miki.

Yayanki

*

Yaya,

Na gode da ka faɗa. Na yi kuka har abokiyar aikina ta rufe mana ƙofa. Na buɗe zanen na ga inda na zagaye ramin nan da jan biro na rubuta a cike.

Na je wurin shugabanmu na ce masa ramin ya girmi hasumiyar agogo, hannun mutanen gari ne ya yi shi, tarihi muka shafe. Ya saurare ni da mutunci, ya ce in rubuto, kwamiti zai zauna bayan bikin buɗe dandalin. Baba ba zai iya jiran kwamiti ba.

Ina tafe ranar Asabar, a ranar zan juya. Ka ɗauko mini guduma da ƙarfen sassaƙa a akwatin kayan aikinsa. Kada ka gaya masa, kuma wannan karon ka riƙe bakinka.

Auta

*

Auta,

Ni ne Babanki. Ni nake faɗa, mai gyaran agogo yana rubutawa, a shagonsa. Da ƙafata na zo.

Yayanki ne ya ishe ni da safe wai in fito in sha iska, na fito don ya ƙyale ni. Ina cikin shafa ginshiƙai sai yatsana ya faɗa inda ya saba.

Kowa ya ce bai san wanda ya yi ba, har Yayanki da ba a ba shi ajiyar magana. To ni na shafa bakin ramin. Saran daga hagu ya karkato, kuma bahaguwa ɗaya na haifa.

In mutanen ofis sun yi faɗa, ki ce ni na aike ki. Ƙarfena kuma kin dakusar da shi, na yafe. Ki zo, ina so in taɓa hannun.

Allah ya yi miki albarka.
Baba