Na Daina Shan Maganin Zuciyata Saboda Cikin da Nake Ɓoyewa

Assalamu alaikum Hajiya, da ke da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Shekara shida ke nan da aka yi min aikin zuciya, aka sa min bawul na ƙarfe, wato 'yar ƙofar da jini ke bi a zuciya. Na warke, alhamdulillahi, har na koma ɗinkina a nan Tudun Wada. Sharaɗi biyu likita ya kafa min: maganin tsinka jini kullum har ƙarshen rayuwata, sannan kada in kuskura in ɗauki ciki ba da saninsa ba, don maganin kan nakasa jariri, in kuma na bar shi jini zai daskare a bawul ɗin. A gaban likitan, Malam, maigidana, ya ce ya haƙura da haihuwa. "Ke nake so a raye," in ji shi.

To ni fa? Ni ke ɗinka wa matan unguwa kayan fitar suna, ƙannena biyu sun haihu ina kallo, ni sai dai in goya na wasu in mayar. Sai na daina shan ƙwayar tsarin iyali ban gaya wa kowa ba. Yanzu cikina wata biyu. Da na gane, na tsorata kada in haifi nakasasshe, sai na ajiye maganin zuciyar ma, yau sati uku. Kullum da safe Malam zai miƙo min maganin da ruwa, in ɓoye a ƙarƙashin harshe, yana juya baya in tofar. Kunya kamar in nutse. Wace irin mace ce ke yi wa mijinta haka?

Shekaranjiya ina taka keken ɗinki numfashina ya sarƙe, hannuna na hagu ya mutu na ɗan lokaci. Inna, surukata, ta tambaya ko zafi ne, na ce eh. Bawul ɗin nan a da, in ɗaki ya yi shiru ina jin bugawarsa kamar agogo, yanzu sai na kasa kunne, da ƙyar nake ji.

Wallahi tsoro nake ji. Jibi Malam zai raka ni gwajin jinin da nake yi duk wata, kuma jini ba zai rufa min asiri ba. In likita ya ce sai an cire cikin fa? In kuma na ƙi zuwa na faɗi, mu tafi mu biyu? Ba na son in mutu, ba na son in rasa ɗan nan. Me zan yi?