Kawu Ya Ci Tuwon Gidan Yaya

Baba,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan wasiƙa, amma bakina ya ƙi yin shiru, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Albishirinka! Yaya Nasiru ya ci zaɓe, an rantsar da shi ɗan majalisar wakilai. Ɗan nan naka mai kwat da wando yanzu babbar riga yake sawa, kuma har yau bai iya saɓa ta a kafaɗa ba, tana zamewa yana gyarawa kamar sabon ango. Mu 'yan Kubwa mota guda muka cika, har da maƙwabtanmu Yarbawa da ke ta kiransa oga.

Amma ba wannan ne ya hana ni zama ba. Ka tuna tun da ya fara aikin banki ka daina cin abincin gidansa, ka ce albashin kuɗin ruwa ne? Matarsa ta yi girki, ka sa albarka, ka tashi. Ƙanenka Kawu Isa ma ya bi sahunka. Ban taɓa faɗa maka ba, Baba, amma abin yana ba ni haushi ƙwarai. Yaya bai taɓa yi maka musu ba, sai dai ya rufe kwanon ya mayar da kansa. Da ya ajiye aikin ya shiga siyasa, mutane suka ce kwaɗayi ne. Ni na san abin da yake nema, sai dai ka tafi kafin a kaɗa ƙuri'a.

Jiya aka yi walima a gidansa. Kawu ya zo daga Jiwa, ya tsare shi da tambaya a kan manoman da ake karɓe wa gonaki. Yaya ya faɗi abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Sai Kawu ya nemi ruwan wanke hannu. Baba, malmalar tuwo biyu ya tashi da su, har da neman ƙarin miya! Na so in tsokane shi cewa kuɗin siyasa ma ai ba zamzam ba ne, sai na hango Yaya, na fasa. Yana tsaye a bakin ƙofa, babban mutum, hawaye na zuba bai ko share ba.

Daga baya ya ja ni gefe ya tambaye ni ko za ka ci da kana raye. Me zan ce masa? Na ce masa i. Da gaske za ka ci, Baba?

Allah Ya haskaka kabarinka.

'Yarka mai surutu,
Hadiza