Maganin da Baba Bai Sani Ba

Ikko, 1959

Zuwa ga Saloma, a Dabai.

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara da Inna? Mai karanta maki takardar nan, don Allah ya rage murya.

Aikin ƙabar Babanki ya yi kyau, kar ki damu. Sai dai allurai sun yi masa yawa, zawo ya kama shi har ba ya iya zama. Likita ya ce maganin ya kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsa. Dabara ɗaya ta rage: a tace bayan gidan mai lafiya, a ɗura wa Baba ta ƙasa. Ni kaɗai ne nasa a nan, don haka nawa likita ya nema.

Saloma, mutumin da na yi wa noman golmo kafin ya ba ni ke, wanda ko ruwa ba na sha a gabansa! Na yarda, an yi jiya. Likita bai yi alkawari ba.

Ki aiko da garin dawa, ko zai sha kunu. Allah ya tsare ku.

In ya tashi, kada ya taɓa ji. In bai tashi ba, ki sani ban hana shi komai nawa ba.

Mijinki,
Kofur Haggai