Mata Talatin da Takwas

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, kuma ciwon bayan nan ya sassauta. Ni jikina ƙalau.

Kin tuna binciken da na kammala digiri da shi, kan na'urar dangwala yatsa ta kamfanin wanki? Wadda idan ta ƙi gane yatsan mace sai a rubuta ba ta zo aiki ba? Wata huɗu na yi ina tsayawa a bakin ƙofar da littafina. Mata ɗari da arba'in na bi, talatin da takwas na'urar ke ƙi, don sabulu ya cinye musu zanen yatsa.

To, jami'a ta fitar da tallafin fara bincike kan sabbin fasahohi da adalci tsakanin jama'a. Takardar neman tallafin, gurbin masu bincike biyu gare ta kacal: ɗaya daga ɓangaren fasaha, ɗaya daga namu na nazarin zamantakewa. Farfesan da ya kula da bincikena ya ɗauki aikina, ya sa wani injiniya a gurbin farko. A na biyu ya sa Doguwa, ƙawata da muka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, ita ta iya tsayuwa gaban kwamiti, ni kuwa muryata rawa take. Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta fi ƙona mini rai. Sunana yana shafi na tara, layi na biyu daga ƙasa, cikin waɗanda aka gode wa.

Doguwa ta rungume ni, wai haba Malama Lissafi, ai ni da ke duk ɗaya ne. Na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

A gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Saƙonki ya iso, na gode da nasiha. Allah ya ƙara sauƙi.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata Doguwa ta ba ni takardar in duba mata waƙafi da aya. A shafi na uku ta rubuta mata casa'in da biyar na'urar ta ƙi. Yaya, casa'in da biyar yawan lokutan da na'urar ta ƙi ne, ba yawan matan ba. Akwai wata dattijuwa mai guga da na'urar ta ƙi sau bakwai ita kaɗai. Doguwa ba ta san wannan ba, don ba ta taɓa taka ƙofar kamfanin ba.

Na gyara waƙafi goma sha ɗaya. Lambar na bar ta yadda take.

Na ce a raina akwai masanin ƙididdiga a kwamitin, zai tambaye ta, ta yi tsuru-tsuru, sannan Farfesa ya waiwayo ya neme ni. Har amsar na haddace. Ta sayi sabon takalmi don ranar tsayuwa gaban kwamitin, ta zo tana tambayata ko ya yi mata kyau. Ya yi mata kyau ƙwarai.

Ki sa ni a addu'a, ko da yake ban san wadda zan ce ki yi ba.
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini jinkirin amsa.

Sun samu tallafin. Ranar da suka tsaya gaban kwamitin ina zaune a kujerar baya, kusa da fanka, na ga komai. Ba wanda ya tambayi lambar. Masanin ƙididdigar ma girgiza kai ya yi, ya ce casa'in da biyar cikin ɗari da arba'in, wannan zalunci ya kai a bincika. Lambar ce ta ci musu. Yanzu tana manne a allon sanarwa, kuma wata mai zuwa za su kai ta gaban manajan kamfanin. Shi yana da rajistarsa. Cikin minti biyar zai ƙaryata su, daga nan ba mai sake sauraron kukan matan nan, har na talatin da takwas ɗin da gaskiya ne.

Da na faɗa ranar Talata, gyara ne. Yau kuwa kowa zai ce hassada ce, kuma ba zan iya rantsewa babu ita ba. Har yanzu idan na ji dariyar Doguwa a ofishin Farfesa sai in canza hanya.

Na aika mata cewa gobe da ƙarfe tara zan zo da littafina. Ta amso da murna, wai in zo mu zaɓi kalar bangon rahoto. Zan nuna mata shafi na uku, sannan in gaya mata tun yaushe na gani. Wannan na biyun ba dole ba ne, ba mai sani in na yi shiru. Shi ya sa na rubuto miki, don ya zama akwai wanda zai tambaye ni ko na faɗa.

Ki tambaye ni, Yaya.
Ƙanwarki, Auta